Amfilifayar Yaya

Gyaran rediyo na yi a Ƙaraye, tun kaina yana baƙi har idona ya daina ganin ƙananan wayoyi. Shagona yana tsakanin na wani tela da na mai sayar da kananzir, ɗan ƙuƙut ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita a buɗe akwati. A duk kayan da suka taɓa shigowa wannan shago, babu wanda na fi buɗewa, na fi zagi, na fi baƙin ciki da shi kamar amfilifayar yayana, injin da ke ƙara wa jitarsa sauti.

Akwatin katako ce da aka lulluɓe da baƙar roba, duk kusurwoyinta sun ɗaye. Nauyinta ya kai rabin buhun dawa. Bayanta a buɗe yake, in ka leƙa za ka ga ƙwayayen gilashi a jere, waɗanda mu masu gyara muke kira bawul. Idan an kunna ta ba ta magana nan take, sai bawul ɗin sun yi ja sun ɗauki zafi tukuna. Ko a lokacin tsohuwa ce, duniya ta riga ta koma kan kaset da ƙananan rediyoyi masu batir.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Ya bar garinmu Zoza yana saurayi ya tafi Kaduna, ya samu aiki a masaƙa, a ɓangaren da injinan saƙa suke. Ya sha ba mu labari yana dariya cewa a can da hannu ake magana, domin ko ihu ka yi na kusa da kai ba ya ji. A can ya koyi kaɗa jita a wurin wani abokin aikinsa mutumin Gana, kuma da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa jitar da amfilifayar. Da aka zo rage ma'aikata, sunan Yaya ya fito. Waɗanda aka sallama tare da shi wasu sun dawo da keken ɗinki, wasu da babur. Shi ya dawo da mata da 'ya'ya da abin damun maƙwabta.

Noma kam bai iya ba, kuma bai taɓa iyawa ba har ya mutu. Kunyar gyaɗarsa a karkace take tafiya, shanun huɗa ma sun raina shi. Amma idan ya rataya jitar nan, sai ka rantse ba shi ne mutumin da ya wuni yana faɗa da garma ba. Kiɗan garaya da na molo da muka tashi muna ji ya ɗora a kan wayoyin ƙarfe, ya samu wani abokin ƙuruciyarsa mai kalangu suka haɗu. Biki, suna, kalankuwa, daga Rogo har Kurugu da Turawa, a zo da a-kori-kura a ɗauke su, a yi hayar janareta. Mutumin da aka kora daga aiki yana da shekara arba'in da wani abu, wannan kiɗan kaɗai ya rage masa da zai shiga mutane kansa a sama. Duk gidanmu mun san haka.

Ranar da ya fara kawo mini ita, a bayan keke ya ɗauro ta da igiyar roba, gumi ya jiƙa masa riga.

"Injiniya," haka yake kirana in yana son tsokana, "mutuniyar taka ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ko kunya ta koya a Zoza, ban sani ba."

Idan ƙarar irin wannan inji ta ragu, ba a fara da warware ciki. Daga waje ake farawa. Na canza wayar da ke haɗa jita da amfilifaya, babu bambanci. Na murɗa abin ƙara, na ji yana ƙarce-ƙarce, na ɗiga masa sifirit na yi ta juyawa har ya yi shiru, amma ƙarar ba ta dawo ba. Sai na juya bayanta, na ɗauki guntun kara ina ƙwanƙwasa bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya a hankali. Na ƙwanƙwasa wani ƙarami, sifika ta yi tari. Da na zare shi, sai ga gidan zanzaro a manne a ƙarƙashin mazauninsa, laka ta ci ƙafafunsa sun yi tsatsa. Na kankare, na goge, na mayar. Yaya ya taɓa waya ɗaya, tela ya leƙo ya ce wa ya mutu.

Wannan gyara na gaske ne, na biyu ma na gaske ne. Bayan wata damina ta fara wani hali: ta fara da ƙarfi, in ta yi zafi sai ƙarar ta riƙa zamewa har ta koma kamar ana magana cikin tulu. Ɗaya daga cikin manyan bawul biyu ne ya gaji. Na shiga Kano na zaga Sabon Gari rumfa-rumfa, masu kaya suna tambayata ko daga kabari na tono injin. A ƙarshe a cikin wata matacciyar rediyo ta wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na samu irinsa. Daga baya kuma wata 'yar gwangwanin ajiye wuta da muke kira kwandansa ta kumbura, wadda ta kusa aika ni lahira, domin irinsu suna riƙe wuta ko an kashe inji, ni kuwa na kai yatsa da garaje. Na zagi mutumin Gana da kakanninsa, Yaya yana ta dariya har da riƙe ciki. Ina jin daɗin tuna waɗannan lokuta, domin a lokacin in ya ce ƙara ta ragu, ragewa ta yi.

Sai wata rana da bazara ya sake kawo ta. Babu tsokana a bakinsa ranar. Ya ce ta koma gidan jiya, har ta fi da lalacewa. Aka yi sa'a akwai wuta. Na jona, na jira ta yi zafi, na sa abin ƙara a rabi kamar yadda na saba, na ce ya taɓa.

Gwangwanayen da nake zuba kusoshi suka hau rawa a kan kanta. Akuyar da ke kwance a bakin ƙofa ta tashi a guje. Tela ya tsayar da kekensa.

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Kamar daga cikin rijiya."

Na ɗauka wasa yake, na duba fuskarsa, ba wasa a ciki. Na ce ya bar ta in duba. Na ɗauko mita na bi ta gaɓa-gaɓa, daga inda wuta ke shiga har inda sauti ke fita. Na ƙwanƙwasa kowane bawul. Na danna takardar sifika da yatsa ko ta cije. Na sake bi daga farko, domin da gaske so nake in samu laifi, ko ƙanƙane ne. Babu abin da ya same ta. Yaya yana tsaye a ƙofa ya ba ni baya yana kallon kasuwa. Na ce, "Yaya," da muryar da ake magana da ita kullum. Bai juyo ba. Na ƙara faɗa. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya waiwayo da sauri, ya ce, "Ka samo?"

Na ce sai na kwana da ita.

Washegari na rufe shago na tafi Zoza, kai tsaye wurin Inna. Mahaifiyarmu Bafulatana ce, a rugar da ke bayan gari aka haife ta, kuma kunyar ɗan fari ta riƙe ta yadda aka koya mata. Ban taɓa jin ta ambaci sunan Yaya ba. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kallon idonsa, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke hannunta. "Wancan" take ce masa. Na same ta tana burka nono, na durƙusa muka gaisa, na tambayi shanu da jikinta, sannan na ce, "Inna, kunnen Yaya ya taɓu."

Ko tsayar da maburgi ba ta yi ba. "Sai yau ka sani?"

Ashe ni ne na ƙarshe. Matarsa ta daɗe da koyon tsayawa a gabansa kafin ta yi magana. 'Ya'yansa sun saba ɗaga murya, har baƙi suna ɗauka rashin tarbiyya ne. A masallaci, na kusa da shi ya lura cewa da gefen ido yake bin sahu, sai ya ga an sunkuya yake sunkuyawa. Liman da kansa ya ƙara ƙarfin kabbara saboda shi. Gari guda ya gyara zamansa don mutum ɗaya, kuma babu wanda ya ce masa uffan.

Na ce a gaya masa, a kai shi asibiti a Kano, wataƙila akwai abin da za a yi.

"Wa zai gaya masa?" in ji ta. "Kai? Da ya goya ka? Ka tsaya a gabansa ka ce ka ga nakasarsa?"

"To ke ki gaya masa, Inna."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. "In shi ya faɗa da bakinsa, sai a kai shi. Kafin nan, ka ce masa ka gyara abinsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau in na tuna yana ɓaci. Ni mai gyara ne, aikina in nuna wa mutum inda laifi yake in ce ga shi nan. Amma a gidan na tashi, nonon matar na sha, kuma da na fito na hango Yaya yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, na san bakina ba zai iya ba. Na gwada ta gefe sau ɗaya. Na ce masa kunnena yana damuna, zan je a wanke mini, ko zai raka ni a duba mu tare. Ya ce, "Je ka abinka. Dama na lura, shi ya sa ba ka jin abin da ke damun injin nan." Ya yi dariya, ni ma na yi.

Haka muka shiga wani irin zama. Ya kawo ta, in ajiye ta kwanaki, in share ƙura, in mayar masa in ce na taɓa wani abu. Ya gwada, ya ce ta ɗan yi dama, ya murɗe abin ƙara har ƙarshe. Na yi ta roƙonsa kada ya riƙa kai ta ƙurya, na ce bawul ɗin tsofaffi ne, taransifomar da ke kai sauti ga sifika za ta ƙone, kuma babu irinta ko a Kano. Ya ce to a gyara ta ta yi ƙara a rabi mana, kamar da.

A wani biki a Kurugu aka fara ganin illar abin. Mutanen can ba danginmu ba ne, babu abin da ya hana su toshe kunne. Mata suka kwashe yara suka koma cikin gida, maza suka ja baya har bakin hanya, fili ya zama daga Yaya sai mai kalangu. Wani dattijo ya zo ya ce a rage, Yaya ya ga bakinsa yana motsi ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga masa hannu. Wayoyin jitar ma sun fara saɓa wa juna bai sani ba. Mai kalangu ya ɗauki wata ɗabi'a ta karɓar jitar kafin wasa wai zai goge mata ƙura, sai ya koma bayan mota ya daidaita ta. Gayyata ta riƙa raguwa. Yaya ya ce kaset ne ya kashe kasuwa, muka ce haka ne.

A lokacin na lura ya fara cire takalmin ƙafar dama in zai yi wasa, ya ɗora tafin ƙafar a kan akwatin. Mutane suka ce salon Kaduna ne. Ni na san ko mene ne, domin ni ma nakan ɗora tafin hannu a kan akwati in ji ko sifika tana aiki idan kasuwa ta cika da hayaniya. Da ƙafarsa yake jin kiɗansa.

Kakar da abin da zan faɗa ya faru, babu wanda ya gayyace shi ko'ina. Sai samarin Zoza da dattawa suka ce a yi kalankuwa a gida, kuma shi zai yi kiɗa. Kowa ya san dominsa aka shirya. An gama girbi, an yi dawa sosai, aka share gindin babbar ɗorawar da ke bakin gari, aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar. Har Inna ta fito, ta zauna can nesa cikin tsofaffi ta ba filin gefe. Na zo daga Ƙaraye da ƙaramar jakar kayan aikina, na tsaya a bayan amfilifayar.

Ya sa farar rigarsa ta Kaduna. Ya murɗe ƙara har ƙarshe. Mutane suka daure, babu wanda ya ja baya, babu wanda ya kai hannu kunne. Kuma wallahi hannunsa bai mutu ba, ya yi kiɗa mai kyau, duk da ƙarar tana sa haƙora zafi. Ni kuwa idona yana kan bawul. Na ga ƙarfen cikin manyan biyun ya fara yin ja, ba jan da aka saba gani ba, ja ne irin na garwashi. Na ji warin ƙonewa. Na kai hannu zan rage, sai na tuna zai ji a ƙafarsa, na janye.

Akwai wani wuri a cikin kiɗansa da mai kalangu yake tsayawa ya bar shi shi kaɗai, yatsunsa su yi ta gudu a kan wayoyi. Wurin da aka fi sonsa ke nan. Yana shiga wurin ƙarar ta fara zamewa, ta yi ƙasa, ta yi wani ɗan kuka, ta ɗauke ɗif. Hayaƙi siriri ya fito ta baya. Babu abin da ake ji a filin sai rurin janareta.

Babu wanda ya shirya abin da ya biyo baya, babu wanda ya yi wa wani ido. Yaya kansa a sunkuye yana kaɗawa, sai mutane suka ci gaba da tafi. Samarin da ke rawa suka ci gaba da taka rawa. Wata gwaggonmu ta rangaɗa guɗa. Dattawa suna gyaɗa kai a kan tabarma kamar daɗi ya kashe su. Kara suke yi masa, irin wadda suka saba yi masa kullum, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Ni kaɗai a filin nan na san ƙafarsa tana kan akwatin.

Na ga ya ɗaga ƙafar ya sake dannawa. Ya bugi babbar waya da ƙarfi, ya jira. Sannan ya ɗago kai. Ya dubi masu rawa, ya dubi dattawa, ya dubi matarsa tana tafi, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya yatsunsa ba su tsaya ba. A ƙarshe ya waiwayo ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Bai yanke kiɗan ba. Ya kai shi har inda yake ƙarewa, ya cire jitar daga wuyansa, ya ɗaga hannu biyu ya yi wa jama'a godiya, ya sa takalminsa. Aka watse ana ta sa masa albarka.

Kafin magariba ya aiko a kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, jitar tana jingine da bango.

"Tun yaushe?" ya ce.

Dole in ɗaga murya, kuma na san duk gidan suna ji ta bayan katanga. Na ce, "Tun bazarar da ka ce kamar daga rijiya."

"Lafiyarta ƙalau a lokacin?"

Na gyaɗa kai.

"Duk garin sun sani?"

Na gyaɗa kai.

"Har ita?" Ya nuna wajen ɗakin Inna da haɓa.

Na sake gyaɗawa. Ya dubi jitar.

"Ni ma ba yaro ba ne," ya ce. "Na san kunnena tun ban bar Kaduna ba. Na ɗauka dai rabin laifin nawa ne, rabi nata, kuma in ka gyara nata rabin zan lallaɓa. Wannan ba komai, daga Allah ne." Ya shafa tafin ƙafarsa. "Abin da nake so in sani, da can da kuke tafi, a Rogo, a Turawa, farkon dawowata. Ji kuke yi, ko shi ma kara ce?"

Na buɗe baki, sai aka kira salla, ya ga mutane suna wucewa ta ƙofa, ya tashi ya ɗauki buta.

Taransifomar ce ta ƙone, kamar yadda na yi ta faɗa. Na ɗauke ta zuwa Ƙaraye na warware ta, na samo siririyar waya daga Kano, na zauna na naɗa ta da hannu, aikin da ya ci mini rani guda da rabin ganina. Na samo wasu bawul. Da na gama na kunna, ba ta taɓa yin sauti mai daɗin na ranar ba, har tela ya ce in bar ta a kunne. Na ɗauro ta a mota na kai Zoza. Yaya ya fito ya dube ta, ya shafa robar da ta ɗaye, ya ce in mayar da ita shago, ɗakinsa yana yoyo. An kai shi asibiti daga baya, da ya faɗa da bakinsa, likitoci suka ce an makara. Bai sake rataya jitar ba. Ya koma gonarsa mai karkatacciyar kunya, kuma ya daina zuwa biki ko na gida ne.

Ranar da na kai masa amfilifayar, kafin in juya, na tsaya daidai gabansa yadda zai ga bakina. Na ɗaga murya iyakar ƙarfina, ban damu da wanda zai ji ba. Na ce masa tafin farko na gaskiya ne. Na ce na ga mutane sun taho a ƙafa daga Turawa don su ji shi, na ga Inna da kanta tana kaɗa ƙafa a bayan zana tana tsammanin babu mai ganinta. Na rantse masa da Allah.

Ya kalli bakina har na gama. Ya yi murmushi, ya ce, "Na gode, injiniya," ya gyaɗa kai a hankali. Irin gyaɗa kan da dattawa suka yi masa ne a gindin ɗorawa, na gane shi sarai.